Tsallen da Kawu Inuwa Bai Yi Ba

Kawu Inuwa, maginin garin Ƙofa, ba ya jingina da bango sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. Tun ranar da wata katanga ta rufta da shi, bai ƙara hawa tsani ba.

Da zaman gida ya ishe shi, 'yarsa Rashida ta kawo masa gem, irin wanda ake jonawa da talabijin. Wani saurayi ne a ciki, yana hawan ganuwa, yana tsallake soraye.

Rashida ta fara gwada masa. "Baba, ya ka ga wasan?"

"Ginin dai ya yi kyau," in ji shi. "Amma yaron nan ba ya duba bango kafin ya taka. Ba shi da uwa ne?"

A hannun Kawu kuwa, a hankali saurayin yake tafiya, bai taɓa faɗuwa ba. Wata rana suka kai ƙarshen wani soro mai tsawo, ba hanya sai tsalle. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye madannin wasan.

"Bari ya huta tukuna."

Da damina Allah ya yi masa rasuwa. Rashida takan kunna wasan, ta tarar da saurayin tsaye inda Baba ya bar shi. Har yau ba ta danna ba.