Kwalabe Goma Sha Takwas Na Dakta Griselda

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya yi wa Dakta Griselda Oyarzo Marusic rasuwa a nan Punta Arenas, bayan jinyar ciwon huhu ta wata uku. Shekarunta sittin da ɗaya. 'Yarta Milenka ce ta bugo mini waya ina tsakiyar ɗinkin taru a bayan gida. Na ajiye allurar, na zauna a kan tarun, na daɗe ban tashi ba.

Ni ba masani ba ne, Dakta, kin fi kowa sani. Sunana Anselmo Barría, ɗan masunta daga tsibirin Chiloé, aikina jefa taru da jawo shi. Shekara ashirin da uku ina yi miki wannan aiki a jirgin bincike, duk watan Janairu mu tsallaka ruwan Antatika neman kiril, ɗan jatan landen nan da bai kai tsawon yatsa ba, wanda tsuntsayen fengwin da manyan dabbobin teku ke rayuwa a kansa. Masu digiri sun riga sun rubuta nasu yabon, sun jera sunayen takardunki. Ni abin da na gani da idona zan faɗa. Wanda bai ji daɗi ba ya yi haƙuri, in ya ga dama.

A tafiyarmu ta farko igiyar ruwa ta cika mini takalma, na ɓoye don kunya, ɗan masunta guda. Kika lura da yadda nake takawa, kika cire safarki ta ulu mai kauri kika miƙo mini, kika ce mutumin da yatsunsa suka mutu ba ya jefa miki taru mai kyau. Haka alherinki yake, kullum sai kin naɗe shi cikin faɗa don kada a yi miki godiya. Shekarar da matata Rosalba ta karye a ƙugu, ni ina teku, ke ba ki yi tafiyar ba, kika riƙa kai ta asibiti da motarki har sati shida. Ban sani ba sai da na dawo. Da na je godiya kika ce in tashi in ba ki wuri, kina da aiki.

Aikin kuwa kin yi shi. Duk tarun da ya hau sai kin ware kiril ɗari biyu, kin auna su ɗaya bayan ɗaya, daga ido zuwa ƙarshen wutsiya, hannunki ya yi jawur don sanyi, shayinki ya huce a gefe. Akwai na'urar amsa-kuwwa a ƙarƙashin jirgi, tana aika ƙara cikin ruwa, in ta bugi taron wani abu sai allo ya yi ja. Matasan masana suna son allon nan kamar me, ga ɗumi a ɗakin, ga kujera. Ke kuwa duk jan da ya yi sai kin leƙo waje kin ce, "Tsoho, jefa taru mu gani." Shekara biyu kacal na girme ki, amma Tsoho kika kira ni har kika koma ga Allah.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara wani kamfanin kamun kiril, wanda ba zan ɓata takardata da sunansa ba, ya nemi a buɗe masa mashigar teku ta Santa Brígida a daidai lokacin da fengwin ke ciyar da 'ya'yansu. Hujjarsu ita ce mutanensu sun ratsa mashigar da na'ura, allo ya yi ja daga wannan baki zuwa wancan, don haka kiril ya wadata, ya ishi tsuntsu ya ishi jirgi. Ba su jefa taru ko sau ɗaya ba.

A Janairun nan muka shiga mashigar. Namu allon ma ya yi ja. Shugaban tafiyar, Dakta Leopoldo Urrutia, ya ce iska na tafe, kuma lissafinmu ya zo daidai da na kamfani, a juya jirgi. Amma ke da safe kin sauka a tsibirin fengwin da ke bakin mashigar. Kin ga kashin fengwin fari fat a kan duwatsu, alhali tsuntsun da ya ƙoshi da kiril kashinsa ja-ja ne. Kin ɗaga 'ya'yan, kin ji ba nauyi. Tari ya riga ya fara cin ki a lokacin, kina magana kina tsayawa.

"Leopoldo, in abinci ya cika ruwan nan, me ya hana tsuntsayen ci? Azumi suke yi?"

Ya ce kyaftin ya ba da awa huɗu kawai. Kika ce huɗu sun isa, kika juyo kika dube ni.

Sau shida na jefa taru. Biyar suka hau da nauyi kamar za su tsinke igiya, muka zazzage, sai ga salfa, halittar nan mai kama da majina, ruwa ce tsantsa, ba ta ƙosar da ko ɗan tsako. Ita ce ta taru ta yi wa na'ura kama da kiril. Na shidan ne ya zo da kiril, shi ma bai cika bokiti ba. Daga kowane taru kika cika kwalba uku, kika zuba maganin hana ruɓa, kika rubuta rana da wuri da zurfin ruwa da hannunki. Ba ki yi wa kowa dariya ba. Ni dai na yi.

Da rahotonki ya fito sai aka rasa ta inda za a kama ki, aka kama ni. Aka ce mai tarun tsohon masunci ne, bai iya karatu sosai ba, ya jefa sama-sama, kiril na can ƙasa. Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, har na daina fita kasuwar kifi. Kika tashi daga gadon jinya kika je zaman da aka kira, kika gaya musu cewa igiyar tarun tana da ma'auni, zurfin yana rubuce a jikin kowace kwalba, wanda ke shakka ya zo ya jefa da kansa, za ki ara masa safa.

Ranar ƙarshe da na gan ki a asibiti, numfashi yana yi miki wuya. Na zaci za ki yi zancen Milenka. Kika riƙe hannun rigata kika ce, "Tsoho, kada ka bari a zubar mini da kwalabe."

Ashe kin san mutanenki. A zaman makoki, gawarki ko kwana biyu ba ta yi a ƙasa ba, Dakta Urrutia ya ja ni gefe da kofin shayi a hannu. Ya ce tunda mai rahoton ba ta nan da za ta kare shi a taron ƙasashe kan kamun kiril da za a yi a birnin Hobart a watan Oktoba, ya fi kyau a janye, a sake bincike nan da shekara biyu. Ya ƙara da cewa za a kwashe ɗakin ajiyarki ƙarshen wata, ana bukatar wurin. Shekara biyu. Kafin nan jirage sun share mashigar, 'ya'yan fengwin na zubi biyu sun mutu a kan dutse. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, shayinka zai huce."

Washegari ni da Milenka muka je da takardar da kika sa wa hannu kika bar mata, muka ɗauko kwalaben. Rosalba ta kwashe kayanta daga kantar rumfar baya ta ba su wuri, ta sayo kwaɗo sabo. Dakta Ilse Haro, wadda sunanta ke ƙarƙashin naki a rahoton, ta ce ba za ta janye ko harafi ɗaya ba, ita za ta tsaya a Hobart. Ni kuma zan bi ta da akwatin kwalaben. Ban taɓa shiga jirgin sama ba, ba na jin yarensu, kuma kwat ɗina ta ranar aurena ce. Ba sai na yi magana ba. Zan jera su a kan tebur, wanda ya ce kiril ne ya buɗe ya ci.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Don Evaristo, da Milenka, da jikokinki biyu, da ƙanwarki da ke Puerto Natales, da duk ma'aikatan jirgi da suka taɓa shan faɗanki suka kuma ci alherinki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Allah ya jiƙan ki, Dakta, ya gafarta miki kurakuranki, ya sauƙaƙa miki numfashin da ya gagare ki a nan, ya sa kin huta. Ya ba mu ƙarfin ƙarasa abin da kika bari.

Na duba kwalaben yau da safe. Goma sha takwas ne, ko ɗaya ba ta tsage ba.