Batirin da Ke Cewa A'a

Kawuna malamin dabbobi ne a Isa, kuma shina da wata tsohuwar a-kori-kura mai fowil, wato mai ja da taya huɗu, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita yake kai allurar rigakafin awaki da tumaki rugage, har can bayan Gangara. Maganin nan ba ya shiri da zafi. In ya ɗumama, ko ka yi wa akuya, ruwa ne kawai ka ɗura mata. Shi ya sa kawu yas sayi ɗan firjin mota yaj jona ga batirin da ke tada inji.

Kafin in zo hutu daga poli, harka ta riga ta kwaɓe mishi sau ɗaya. Ardo ya tara mishi garken ruga uku, shi kuwa batiri ya mutu tun Gangara, sai da samari sunka tura mota cikin rairayi. Da yab buɗe firji, kwalabe sun yi ɗumi kamar shayin safe. Gaban Ardo yaz zubar da su. Ardo yas sa anka kora garke, kuma kunyar nan ce tah hana kawu sakat. Ga shi hanyar can yanzu ba wanda ke son mota ta mutu mishi a kanta, kowa ya san dalili. Kawu yac ce sau ɗaya zai ƙara gwadawa, in ta sake faruwa ya bar zuwa.

Ni kuwa lantarki nike karantawa, shekara ta biyu, kaina na hayaƙi. Nic ce mishi za ni haɗa mishi batiri na biyu, na litiyam, wanda babu ruwanshi da na tada inji. Yad dube ni, yad dubi wayar da ke hannuna, yac ce to injiniyan babban yatsa, a gani a ƙasa.

Ƙwayoyin batiri huɗu nis sawo wurin masu kayan sola a Sakkwato, kowace kamar ƙaramin bulo. Kwana biyu na bar su haɗe wuri guda don wutarsu ta zo daidai, ina aunawa da mita ina tura hoto gurup na 'yan ajinmu, su kuma suna ta cewa a tanadi bokitin yashi saboda gobara. Sannan nij jera su, nis sa musu allon tsaro wanda ke yanke wuta in caji ya yi yawa ko ya yi ƙasa. Tsakanin altaneta, mai ba batiri caji in inji na aiki, da sabon batiri na sa caja ta musamman, don litiyam mayunwaci ne, in ka jona shi kai tsaye sai ya ƙona maka altaneta. Fiyus kusa da kowane batiri. Kafinta yay yi muna akwatin katako, munka shimfiɗa tsohuwar robar taya ciki saboda gargada, munka ɗaure shi bayan kujera, nesa da zafin inji. Don burgewa har ɗan inbata na ƙara, mai ba da wuta irin ta gida, da soket guda. Aiki ya haɗu, ba ƙarya. A lissafina firji zai kwana ya wuni ba a tada mota ba.

Munka tahi gwaji Kamarawa da ledojin ruwa maimakon magani. Kawu ya shiga duba wata saniya, ni na bi wani abokina shan fura, munka zarce salla, munka zarce hira. Da nid dawo, ban gane motar ba. An jona wata doguwar wayar wuta ga soket ɗina, an shimfiɗa tabarma, wayoyi jere kamar ana shanyar tumatir. Ga tocila, ga rediyo, ga fanka mai caji, ga injin aski. Mai shayi ma ya kawo hita ya tsoma cikin bokiti. Kawu na zaune gefe shina ta amsa godiya. Na leƙa mita, batiri ya kusa ƙasa.

Nan nig gane ba firji kaɗai ne yak kashe batirin farko ba. Duk ƙauyen da kawu yat tsaya, motarshi ce gidan wuta.

A hanyar dawowa nic ce mishi dole ya riƙa hanawa.

"Mutum ya ba ka tabarma, ya ba ka ruwa, ya riƙe maka akuya," in ji shi, "sannan ka ce mishi kada ya taɓa wutarka? Kai a boko haka anka koya maka?"

Gaskiyarshi, don cikin masu cajin akwai wata tsohuwa mai ƙaramar waya, wadda ni ma da ni tam miƙo wa, ba zan iya mayar mata ba. Wai ɗanta ke kira daga Nijar.

Sai nik koma kan akwati. Inbata na cire shi gaba ɗaya, mai shayi ya yi haƙuri. Na raba wuta layi biyu. Na firji shi kaɗai, ba ya haɗa hanya da kowa. Na jama'a kuwa ramukan cajin waya shida, a jikin wani allo da nik kafa bayan mota inda kowa zai kai hannu. Sai 'yar na'ura mai ƙirga wutar da ta fita: in batiri ya sauka rabi, ita da kanta za ta yanke layin jama'a, jar fitila ta kama. Na ɓoye wani maɓalli ƙarƙashin kujera wanda zai iya maido da layin, ko da ta baci.

Ranar tahiya ta gaskiya munka isa Gangara da hantsi, munka kashe mota muna jiran saƙon Ardo cewa hanya lafiya kuma garke ya taru. Shaf-shaf allo ya cika, wasu na cirewa wasu na sawa. Ni dai idona na kan mita. Bayan azahar jar fitila tak kama. Wani dattijo da wayarshi ba ta daɗe da hawa ba yaz zo wurin kawu, yac ce malam, wutar ta tsaya.

Kawu yad dube ni. Ni kuwa nis sunkuyar da kai ina latsa waya kamar ban ji ba.

"Baba, abin yaron nan ne," in ji kawu. "In ya kai iyakarshi ko ni ba ya jin maganata. Sauran na maganin awaki ne."

Dattijo yac ce ai awaki sun fi waya, yaz zare abarshi, har da sa albarka.

Da saƙo yaz zo munka shiga daji, fowil na ta haƙilo cikin rairayi. A ruga kawu yab buɗe firji, yam miƙa wa Ardo kwalba guda. Ardo yak kanga ta ga kumatunshi, yaj jima, sannan yaj juya yay yi wa 'ya'yanshi magana da Fillanci, sunka fara jawo awaki. Ni ke miƙa kwalabe, ɗaya hannun na ɗaukar bidiyo, 'yan bokitin yashi su sha kallo.

Muna komawa, rana da sauranta, nic ce bari in nuna mishi inda maɓallin nan yake, tunda hutuna ya kusa ƙarewa.

"Kada ka nuna min," in ji kawu, idonshi na kan hanya. "In na sani, za ni danna."