Gemun Kawu Sale a Kan Gwaiba

Duk faɗin Kurmin Sarki, Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, shi kaɗai na sani mai taje gemu saboda tsuntsu. Ai kun sha ganinsa da hantsi a gindin gwaibar gidansa, mataji a hannu. Duk gashin da ya zube sai ya maƙala shi a reshe, wai kanarin da ke sheƙa a wurin ya samu na shimfiɗa.

Matarsa, Goggo Asabe, ta yi faɗa har ta gaji.

"Malam, in tsuntsu ya yi sheƙa da gashin mutum, ciwon kai ne har abada!"

"Asabe, shekara arba'in muna tare. Wane ciwon kai ne ya rage ban gani ba?"

Ranar dai tuwonsa bai ga man shanu ba.

Wata safiya ɗan hayarsa, Mista Yohanna, ya tayar da janareta daidai lokacin da namijin kanarin ya ɗauki waƙa.

"Yohanna, kashe!"

"Baba, guga zan yi, Abuja zan shiga."

"Abuja ba ta san rigarka ba. Wannan bawan Allah aure yake nema, kada ka ɓata masa!"

Haka Yohanna ya tafi da riga a yamutse.

Ni kuwa, uban dabara, na matsa a sare gwaibar a gina ɗakin haya. Kawu ya nuna sama da mataji.

"Akwai masu zama. Je ka ba su notis. In sun sa hannu, ka sare."

Da Kawu ya rasu, bayan sadakar arba'in ɗinsa, ba kunya na zo da mai gatari. Na taka kujerar Kawu na leƙa: 'yar sheƙa ce, ba ta kai kofin shayi ba, cikinta fari tas, ga 'ya'ya uku sun wangale baki.

Goggo na tsaye a bayana.

"Sauran gashin da na samu a matajinsa ne," in ji ta. "Ni na maƙala musu. In ciwon kan ne, ya zo, ina nan."

Na yi dariya, sai ga hawaye. Na sallami mai gatari. Gwaiba tana nan, bana ma sheƙa biyu ce.

Allah ya jiƙan Kawu Sale. Yadda ya tausasa wa 'yan tsuntsaye makwanci, Allah ya tausasa nasa.