Malama Rahamatu da Littafin Awaki

Duk wanda ya san unguwar bayan kasuwa a Gwiwa ya san Malama Rahamatu da akwatinta. Akwatin ƙarfe ne irin na lefen da, sai dai babu atamfa a ciki ko falle ɗaya, littattafai ne fal. Shekara goma sha tara ta yi tana koyarwa a firamare kafin ciwon baya ya zaunar da ita. Da ta zauna ɗin sai ta ce littattafan da ta tara ba za su taya ta zama ba. Akwai na tarihin garuruwa, na kiwon kaji, na rainon yara, na girki, da ƙananan nan masu ba da labari cikin zane. Matan unguwa sukan zo bayan la'asar su ara.

Sharaɗinta ɗaya ne, kuma a kansa ba ta da sauƙi: ba a miƙo mata littafi daga bakin ƙofa. Sai kin shigo kin zauna, kin faɗi abin da kika gani a ciki. Nan fa ake jin ra'ayoyi. Mairo mai ƙosai ta ce wanda ya rubuta littafin girkin nan bai taɓa hura itace ba, in ba haka ba wace mace ce ke auna gishiri da cokali? Wata ta ce na tarihin ya cika yaƙi, ko sau ɗaya ba a faɗi abin da matan suka ci ba bayan mazan sun tafi. Wata kuma ta dawo da mai zanen wani direba ɗan rigima, ta ce ta yi dariya har ta ƙware, amma a gaya wa mai zanen ba haka ake ɗaura ɗankwali ba. Malama ba ta musu da kowa. Ta dai sha faɗa wa mijinta, Muhammad Sani, cewa a wannan zaman take gane abin da ya shiga kai da abin da ya wuce ta sama.

Sau ɗaya tak littafi ya fita daga hannunta ba ta ji ra'ayin kowa a kan lokaci ba.

Bayan kaka ne annoba ta faɗa wa awaki a ƙauyukan wajen Roni. Majina, zawo, kwana huɗu a ja gawa bayan gari. A wannan yanki kuwa akuya ita ce rufin asirin mace. Da ita ake suna, da ita ake zuwa asibiti. Malam Yakubu, malamin dabbobi, ya kawo wa Malama ƙananan littattafai ashirin iri ɗaya, zane zalla babu rubutu, ya roƙe ta ta raba wa mata kafin ranar allurar rigakafi. Ta duba ta ga abu sarai: akuya kwance ba lafiya, mai ita ta ɗora hannu a ka, mai allura ya zo, a ƙarshe ga akuya tsaye ɓul-ɓul da 'ya'yanta biyu. A wuni ɗaya ta rabar. Washegari aka bugo mata cewa mahaifiyarta na kwance a Kazaure, ta tafi jinya, sai da ta yi kwana goma sha takwas.

Ran Talata ta dawo, allura kuma Alhamis. Ko mayafi ba ta gama cirewa ba sai ga Inna Yagana, wata tsohuwa 'yar asalin Barebari da ke zaune ita kaɗai da awakinta goma sha ɗaya. Bayan gaisuwa da tambayar mai jiki, tsohuwar ta ciro littafin daga cikin zane.

"Allah ya yi miki albarka, Malama," in ji ta. "Ba don ke ba da sun kashe mana dabbobi muna kallo."

"Su wa, Inna?"

"Masu allurar nan mana. Ai ga shi kin nuna mana."

Ta ɗora littafin a cinya, ta yi bisimilla, ta buɗe shi ta dama. Allo ta yi tun tana yarinya har ta sauke, a wurinta ta dama ake buɗe littafi, ta dama ake bin layi. Ta riƙa nunawa da yatsa. Ga akuya lafiya ƙalau da 'ya'yanta, ga mai allura ya zo, ga mata ta ɗora hannu a ka, ga akuya a kwance.

Nan take Malama ta gane abin da ya faru. Sauran littattafan zane duk da rubutu a jikinsu, jikoki ke karantawa su riƙe wa tsofaffi hanya. Wannan kuwa ba kalma, ba lambar shafi, kuma bango gaba da baya duk hoton akuya ne. Su dai masu bugawar, ko su wane ne, suna can cikin ofis ba su taɓa zama kusa da mai allo ba. 'Yar kibiya ɗaya mai nuna hanya da ta isa, amma ina.

"Inna, ina awakin yanzu?"

"Tun Lahadi ƙanena Kashim ya kora su gonarsa ta wajen Roni. Can ba mai allurar da zai bi su."

Can ɗin ne cutar ta faro.

Ran Laraba ta ɗaure bayanta da gyale ta shiga gida-gida. Cikin gidaje ashirin, goma sha uku ta dama suka karanta, kuma sun yaɗa wa maƙwabta. A kowane gida sai ta zauna ta buɗe ta hagu, ta bi zanen ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka gamsu nan take. Mairo kuwa, da ba ta iya ɓoye magana, ta ce, "To Malama, littafi ɗaya da baki biyu, wanne za mu kama?" Malama ta ce gobe nata awakin biyu ne za a fara yi wa, a gaban kowa. Haka kuwa aka yi. Mata da yawa suka kawo nasu, wasu suka leƙo suka koma.

Wayar Kashim ba ta shiga, don haka Muhammad Sani ya hau babur ya bi sawu. Malama ta wuni tsakanin zaure da tsakar gida, tuwon rana ya huce a kwano. Da yamma ya dawo, tun daga yadda ya kafe babur ta gane. Uku sun fara majina. Malam Yakubu ya ce rigakafi ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma kada a kuskura a dawo da su cikin gari. Ya aika da magani, ya ce a yi addu'a. Kwana tara Malama ta yi ba ta buɗe akwatinta ba. Ta tsani kanta a kwanakin nan, ta kuma faɗi haka a fili.

Biyu suka rayu cikin goma sha ɗaya.

Ta ɗauki ƙafa ta je jaje. Turaku na nan jere a tsakar gidan, an share kashin awaki tas, ga harawar da tsohuwar ta tara tun kaka a kan rumfa ba mai ci. Malama ta durƙusa ta fara neman gafara, Inna Yagana ta ɗaga mata hannu, ta shiga ɗaki ta fito da littafin.

"Buɗe mini ta wajenku," in ji ta. "Ban taɓa ganinsa ta can ba."

Malama ta buɗe ta hagu. Ta riƙa juya shafin a hankali har ta kai na ƙarshe, inda akuyar ke tsaye da 'ya'yanta biyu. Tsohuwar ta sunkuyo ta daɗe tana kallo, ta shafa bayan akuyar da yatsa.

"Kamar Jar tawa," ta ce. "Wata biyu ya rage ta haihu cutar ta tafi da ita. Bar shi a nan, Malama, kada ki rufe."