Gishirin da Na Ɗora wa Jirgi

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron masu ilimi su gani su ce tsohon nan ya rasa aikin yi. Ina kuma tsoron garin gyara kuskure ɗaya in ƙara biyu. Amma shekaru sun ja, waɗanda za su iya ba ni amsa suna ta raguwa, shi ya sa na ce ko da kunya sai na rubuta.

Lokacin da aka buɗe makarantun firamare kyauta, muna ƙarƙashin Jihar Filato, yara suka yi yawa malamai suka yi kaɗan. Sai aka shiga ɗibar irinmu masu takardar firamare, aka yi mana ɗan kwas, aka raba mu. Ni aka kai ni wata makaranta a gefen garin Lafiya. Bayan shekara biyu aka ba ni aji biyar, aka haɗa mini da darasin insha'i.

Insha'in nan ya hana ni sakat. In na ce su rubuta a kan kasuwa, littafi arba'in magana ɗaya: kasuwarmu babba ce, ana sayar da doya, ana sayar da manja. Yaran kuwa ba wawaye ba ne. Akwai Alago, akwai Eggon, akwai Gwandara, da 'ya'yan 'yan kasuwar cikin gari, kuma in ka ji su lokacin tara suna kwaikwayon yadda kwandasta ya yi faɗa da fasinja, sai cikinka ya ƙulle don dariya. Da sun riƙe fensir sai bakin ya mutu. Na ɗauka laifina ne, har yau ma ina ganin nawa ne.

Ana nan sai na tuna wani labari na kakana. Shi fataucin gishiri ya yi, yana sarowa daga Keana yana kai wa ƙauyukan bakin Binuwai. Ya sha gaya mana cewa a zamanin Turawan kamfani wani jirgin ruwa mai hayaƙi ya nutse a kogin, kuma in ruwa ya janye da rani ana hango bututunsa a tsaye. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce ga shekarar ba, bai ce ga abin da jirgin ya ɗauko ba.

Na ce a raina, kasuwa sun san ta har ta gundure su, bari in ba su abin da ba wanda ya taɓa gani. Ranar na aro daron wanki a gida, na cika shi da ruwa a gaban aji. Na sami gwangwanin kifi na huda gindinsa da ƙusa, na ɗora a kan ruwan. Na ce kowa ya matso, kada wanda ya yi magana. Suka yi cirko-cirko suna kallo, ruwa na shiga a hankali, gwangwanin ya karkata, ya yi ƙwal-ƙwal biyu ya tafi ƙasa. Sannan na ba su labarin jirgin. Na ce kowa ya ɗauka yana ciki, ya rubuta mini abin da idonsa ya gani, da abin da kunnensa ya ji, da abin da ya taɓa ƙafarsa.

Sai wata yarinya a layi na biyu ta ɗaga hannu. 'Yar Keana ce, tana zaune wurin gwaggonta a Lafiya saboda makaranta, ba ta cika magana ba.

"Malam, jirgin me ya ɗauko?"

Ban sani ba. Ido tamanin a kaina, ga shi karon farko ke nan da na ga ajin ya farka. Na ji in na ce ban sani ba wutar za ta mutu. Kakana na cikin raina, shi kuwa ba ya rabuwa da gishiri. Sai na ji bakina ya ce, "Gishiri."

"Na Keana?"

"Na Keana," in ji ni.

Aka duƙufa rubutu. Wani ya yi wa jirgin tayoyi da kwandasta, wata ta ce direban ya taka burki ya ƙi ci. Duk na ji daɗinsu, don aƙalla ba su yi kama da juna ba. Amma na yarinyar nan daban yake. Uwarta dafa gishiri take yi, ta san halinsa. Na karanta shi har na haddace, ga kaɗan daga ciki:

"Ruwa ya shigo ta ƙasa ba ya ƙara. Buhu ya fara zufa kamar na innata da damina. Ya yi laushi, ya fara ramewa. Mai gishiri ya rungume buhunsa yana ji yana raguwa a hannunsa. Da ya kai gaɓa sai ya lashi rigarsa, iyakar gishirin da ya rage masa ke nan."

Na kai wa hedimasta don murna. Shi kuma washegari da safe ya sa aka karanta a taron yara gaba ɗaya, ya ƙara da cewa wannan tarihin ƙasarmu ne, kowa ya riƙe. Ina tsaye a bayansa ya faɗi haka. Yara ɗaruruwa, kowa zai koma gida ya faɗa.

Da aka tashi na bi shi ofis.

"Ranka ya daɗe, akwai gyara. Maganar gishirin nan ni na ƙara."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, jirgin ya nutse ko bai nutse ba?"

"Kakana ya ce ya nutse."

"Kai kana wurin da za ka ce ba gishiri ba ne?"

"Ba na wurin, ranka ya daɗe. Shi ya sa bai kamata in ce shi ne ba."

"Malam, insha'i aka ba ka, ba shari'a ba. Da kai alƙali ne da ba a taɓa yanke hukunci a garin nan ba. Je ka ajinka."

Na tafi ajin, na tsaya na gaya musu gaskiya: ban san abin da jirgin ya ɗauko ba, jiya na faɗa ne kawai. Suka yi mini kallon wanda ke wasa. Ɗaya daga baya ya ce, "Malam, ai hedimasta ya ce tarihi ne." Yarinyar kuwa ta sunkuyar da kai, ta rufe littafinta da tafin hannu, kamar zan ƙwace. Ban ƙara matsawa ba, kuma wannan rashin matsawar na cikin abin da ke damuna.

Daina darasin bai zo mini a rai ba, don na ga abin da ya buɗe. Abin da na yi shi ne, daga shekarar da ta biyo baya, kafin in sa gwangwani a ruwa sai in ja layi da alli a tsakiyar allo daga sama har ƙasa. Hannun dama in rubuta "abin da muka ji", hagu in rubuta "abin da muka ƙaga". Dama layi uku ne kacal: jirgi ne mai hayaƙi, ya nutse a Binuwai, ana ganin bututunsa da rani. Hagu kuwa kowa ya zuba abin da ya ga dama, awaki ne, amarya ce, buhunan barkono ne da suka sa kifaye atishawa. In yaro ya tambaye ni abin da ban sani ba, sai in miƙa masa alli in nuna masa hagu. Ashe faɗin "ban sani ba" ba ya kashe wutar. Da na san haka tun farko.

Layi ukun nan ma ba su bar ni na huta ba, don ji kawai na yi. Wani hutun rani na shirya na tafi. Mota ta kai ni Keana, daga nan na hau bayan akori-kura, sauran na ƙarasa a ƙafa har wani ƙauyen masunta. Na sami wani dattijo yana ɗinkin komar kamun kifi a inuwa, na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni.

"Tun daga Lafiya saboda tsohon ƙarfe? Ɗana, ko saye za ka yi?"

"Gani kawai zan yi, baba."

Ya sa ni a kwalekwale, ni da ban iya iyo ba, na riƙe gefe har yatsuna suka sage. Ya nuna mini wani baƙin ƙarfe da ya leƙo daga cikin yashi, tsatsa ta cinye shi, bai fi tsawon turmi ba. Ban iya cewa bututu ne ko wani abu ba. Na taɓa shi dai.

"Baba, me ya ɗauko?"

"Ubana ya ce riɗi. Wai har mako guda tsuntsaye na bin ruwa."

Da muka dawo gaɓa wani tsohon ya ce ƙarya ne, kananzir ne da atamfa, kuma ba nan ya nutse ba, ruwa ne ya jawo guntunsa. Suka kaure da musu, suna kiran juna yaro. Na ce to gishiri fa? Na farkon ya ce Turawa sun riƙa kawo nasu gishirin, wannan kowa ya sani, amma bai taɓa jin an ɗora na Keana a jirginsu ba. Na koma gida da amsa uku, ba wadda zan iya sawa a hannun dama.

Shekaru sun wuce, ina dab da barin aiki, aka tura mu wani taron malamai a Agyaragu. Ina wucewa ta bayan wani aji sai na hango daro a kan tebur, na ji muryar mace tana cewa jirgin gishirin Keana ne ya nutse a zamanin Turawa. Na leƙa. Ita ce, ta zama malama, har da takardar da ta fi tawa. Ta fito da sauri ta durƙusa ta gaishe ni. Bayan gaisuwa na ce mata, "'Yata, kin manta na ce muku ni na ƙara gishirin?"

Ta yi dariya. "Ban manta ba, Malam. Amma duk wanda na tambaya a Keana yanzu haka yake faɗa."

"Daga wa suka ji?"

Ta ce, "Wataƙila daga gare ni."

Na roƙe ta ta riƙa jan layi a allo. Ta ce za ta ja, gishirin kuma za ta mai da shi hagu, amma ba za ta iya bin gida gida a Keana tana cewa ba haka ba ne alhali ba ta da abin da za ta ba su a madadinsa. "Ku kawo mini na gaskiyar, Malam, ni da kaina zan kai." Na ga tana da gaskiya, na kuma ɗauki alkawari.

To, alkawarin ne ban cika ba har yanzu. Don haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, musamman jikokin masunta da na fatake da na waɗanda suka yi wa kamfani dako a bakin Binuwai. In kakanku ya taɓa ba ku labarin jirgin nan, ina son sanin inda ya nutse, da abin da ya ɗauko, da ko an rasa rai a ciki. Ku gaya mini daga bakin wa kuka ji, shi kuma daga wa ya ji. In ba ku tabbata ba, ku ce ba ku tabbata ba, zan karɓa a haka. Saƙo ta hannun waɗanda suka buga wannan zai same ni.