Ƙasa Busasshiya

Likita ne ya ɗora wa yayana hawan keke, saboda ciwon zuciya. Da farko tsaki ya yi. Wai da ƙyar ya rabu da keke a Kano, ya zo Amurka kuma a ce ya koma gidan jiya. Amma ya saya, ni ma ya matsa sai da na saya. Ranar Asabar mukan ɗaure kekunan a bayan motarsa daga Largo, garin da muke zaune, mu haye wata doguwar gada zuwa ƙauyukan masunta na bakin teku.

Hanyar ba ta da tudu, shi ya sa ya zaɓe ta. Gonakin masara, sai fadama, sai itatuwa tsaye a mace, ruwan gishiri ya cinye saiwarsu. Ƙauyukan ƙarnin ƙaguwa suke yi, gidaje da yawa an watse an bar su.

Wata rana ya tsaya bayan wata ƙaramar coci yana haki. Maƙabarta ce, ruwa ya shanye ta, kawunan duwatsun kaburburan kawai suka leƙo. Wani tsoho mai gyaran raga a gefe ya ce mana mahaifiyarsa tana can ciki, sai ruwa ya janye yake iya kai mata ziyara.

Na ce, “Yaya, su kam sun huta da zafi.”

Bai yi dariya ba. “Kai, ka saurare ni. Kada ku sa ni cikin laka. Ka mai da ni gida tun ina numfashi, in kwanta a ƙasa busasshiya kusa da Baba.”

“In Allah ya yarda, Yaya.”

Da jikin ya yi tsanani, likitoci suka ce zuciyarsa ba za ta ɗauki tafiyar jirgi ba. Na yi faɗa, na yi roƙo, duk a banza. A asibiti ya cika, ana tafka ruwan sama. Gawa kuwa ba ta jira.

A maƙabartar Musulmi muka tarar ruwa ya kwanta cikin kabarin har idon sawu. Na cire takalmi na shiga da bokiti. Ina kwashewa yana dawowa. Haushi ya kama ni, na rasa da wa nake fushi.

Wani dattijo ya leƙo ya ce, “Bari haka nan, ɗana. Ƙasar Allah duk ɗaya ce.”

Na sani. Amma ni na karɓi kan Yaya da aka miƙo shi cikin kabarin, kuma a hannuna likkafanin ya jiƙe.