Hamad Zubairu, Mai Kayan Jita na Hayyin Ashir, Ya Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, wadda ta yi daidai da 14 ga Rajab 1446, jim kaɗan bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran ɗan'uwanmu Hamad Zubairu a wani asibiti da ke Madinat Nasr, nan Alƙahira, bayan fama da ciwon ƙoda. Ya rasu yana da shekara arba'in da tara. Ya bar matarsa Awadiyya da 'yarsu guda, Widad. Ina ofishin fassara da nake aiki a Mohandessin lokacin da Awadiyya ta kira ni. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, “Harun, yayanka ya cika.”

Hamad, yau kwana tara ke nan, sai yanzu na iya riƙe alƙalami.

Waɗanda ba su san ka ba, bari in gaya musu ko kai wane ne. Bahaushen Sudan ne kai, haifaffen Mai Wurno, jikan mutanen da suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, tafiya ta tsaya musu a bakin kogi. A Omdurman ka girma, kana gyaran rediyo da rana, ranakun biki kuma kana kaɗa bas, wato babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu da murya mai kauri. Da yaƙi ya ɓarke a 2023 ka fito da iyalinka ta kan iyakar Argin, kuka nufo Alƙahira. Mutane sun ɗauko barguna da tukwane. Kai ka ɗauko bas ɗinka a baya, da buhu guda na tarkacen kayan jita, har Awadiyya ta yi fushi da kai kwana biyu a hanya. Daga baya ita da bakinta ta ce wannan buhun ne ya ciyar da ku.

Mu 'yan tsiraru ne a garin nan masu ƙaunar harhaɗa jitar lantarki da hannunmu. Ba makaɗa ba ne mu na a zo a gani. Akwai likitan haƙori, akwai direba, akwai irina da ya zo karatu daga Gombe ya zarce da aiki, yana ɓoye katakonsa a bayan kabad don gudun surutun abokan zama. Muna da zaure a waya inda kowa ke tallan abin da ya rage masa. A nan na fara ganin sunanka. Tallanka ya bambanta da na kowa. Sai ka ɗora hoto ka rubuta a ƙasa: “Kunnuwan ɗaure tsirkiya guda shida, ɗaya yana da tsatsa, ɗaya yana ɗan santsi. Wanda ke gaggawa kada ya saya.” Na yi dariya, na ce wannan mutumin ba ya son ciniki.

Ranar da na fara zuwa wurinka ba za ta fita daga raina ba. Na sauka daga mikrobas, ƙaramar motar hayar nan, a unguwar Hayyin Ashir da azahar, na hau bene hawa biyar, jitata a cikin buhun shinkafa. Na zo ne in sayi pikob, maganaɗisun nan da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mai da shi sauti, domin tawa ta yi shiru, na kuma tanadi kuɗin da ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Ka karɓi jitar, ka kwance murfin baya, ka leƙa. Sai ka ɗago ka ce da ni da Hausarka mai ƙamshin Larabcin Sudan, “Ya zol, pikob ɗinka lafiyarsa lau. Waya ce ta cire. Mayar da kuɗinka aljihu.” Ka ɗiga dalma, ka liƙe, ka jona ta da amfilifaya, sai ga murya. A ranar babu ko sukari a gidanku. Na sani ne domin shayin da Awadiyya ta kawo mana babu, ta kuma ba da haƙuri sau biyu. Da ka sayar mini da abin da na zo nema, ba zan taɓa ganewa ba.

Ɗakinka ƙarami ne, amma komai yana da mazauni. Gwangwanayen alewa jere a kan katako, kowanne da takarda manne: sukurori, jakuna masu ɗaga tsirkiya, ƙarafan wuya, maɓallan ƙara murya. Tsohon keken ɗinkin da ka tsinta a kasuwar Juma'a ka mai da shi injin naɗa wayar tagulla, kana gyara matattun pikob da shi, kana ƙirga zagaye da baki har dubbai, ba ka son a yi maka magana. Dokta Jamal, likitan haƙoran nan na Zamalek, wanda zai iya yin odar komai sabo daga waje, sai ya bar motarsa nesa ya hau benen nan yana haki, ya zauna a kan tabarma yana kallon hannunka. Tarig direba yakan zo da fuul, dafaffen waken nan, a leda. Osama, wanda ya bar karatun injiniya a Khartum, yakan zo da tambayoyi da ba sa ƙarewa. Ranar Juma'a bayan masallaci, ɗakin nan shi ne garinmu.

Ba ka taɓa raina aikin kowa ba. Jita ta farko da na gama, wuyanta a karkace yake, ni ma na sani. Ka juya ta, ka shafa, ka ce, “Tamam, ta yi. Ta biyun za ta fi.” Sannan ka ɗauki samfefa ka nuna mini inda na yi gaggawa.

A jikin bango, sama da gwangwanayen, bas ɗinka take rataye. Da katakon tsohon kabad ɗin mahaifiyarka ka sassaƙa jikinta, ka shekara shida kana tattara sauran kayanta ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya tak ka kaɗa mana ita, ranar ƙaramar salla. Awadiyya ta tsaya a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, Widad ta fito daga ɗaki.

Wajen watan Yunin bara muka zo muka tarar babu bas ɗin a bangon. Ka ce ka ba wani aro. Muka yarda. A makonnin da suka biyo baya sai kaya masu kyau suka fara fitowa a zaurenmu na waya, irin waɗanda ba mu saba gani a wurinka ba. Ni na sayi jaki na tagulla mai nauyi, ina murna na yi sa'a. Dokta Jamal ya ɗauki pikob biyu. Tarig ya ɗauki kunnuwa huɗu. Osama ya sayi wuya. Kowa ya zo shi kaɗai, kowa ya tafi da nasa, babu wanda ya haɗa wannan da wancan. Mun ga ka rame, mun ga ƙafafunka sun kumbura, muka tambaya, ka ce zafin Alƙahira ne da hawan bene. Muka ce ma'alish, sannu, muka ci gaba da zancen katako.

Sai ranar sadakar uku Awadiyya ta kira ni gefe. Ta jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, naɗe a tsohon zane. Jikin bas ɗin ne, tsirara, ramuka kawai inda kayan suke a da. Ta ce tun watan Mayu likita ya ce sai an riƙa wanke maka ƙoda sau uku a mako, kai kuwa sau ɗaya kake zuwa, wani makon ma ba ka zuwa, domin ka ce makarantar Widad ba za ta tsaya ba. Ta ce ta roƙe ka ka gaya mana, ka ce, “Su ma baƙi ne a nan, kowa da kayansa a ka. In na sayar musu sun samu abu mai kyau, ni ma na samu. In na roƙa, ba za su ƙara zuwa da sakin jiki ba.”

Hamad, ka yi mana kuskuren fahimta, mu kuma mun yi maka sakaci. Dokta Jamal da ya ji, sai ya zauna a kan matakalar bene ya rufe fuska. Ya ce da waya guda zai iya sama maka gado a wurin abokansa. Wata bakwai muna cin moriyar ciwonka, muna yaba arahar kaya. Wannan ba abin da zan iya wankewa ba ne, kuma ban ga ranar da zai daina yi mini nauyi ba.

Mun yi ƙoƙarin mayar da abin da muka ɗauka, ko don Widad ta samu abin tunawa. Na kwance jakin daga jitata, Dokta ya kawo pikob, Tarig ya kawo kunnuwa. Muka shimfiɗa su a kan tabarma kusa da jikin. Amma wuya babu. Osama ya ɗora shi a kan tasa bas ɗin, ya tafi da ita Libiya a watan Oktoba yana neman hanyar tsallaka teku, kuma tun tsakiyar Nuwamba wayarsa ba ta shiga. Mahaifiyarsa ma mu take tambaya. Muka daɗe muna kallon kayan, sannan Awadiyya ta tattara su ta mayar cikin zanen.

Zauren wayar ya yi tsit. Tarig yana shirin komawa Port Sudan, ya ce gara ya mutu inda aka san sunan ubansa. Mai gidan da kuke haya ya ba Awadiyya wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu, takardunsu na neman mafaka kuwa har yau ana ce musu su jira. Gidanku na Omdurman an ce ko ƙofa ba a bari ba. Awadiyya ta ce in kwashe gwangwanayen in ga abin da zan yi da su. Na buɗe na farko, na ga ƙananan ƙarafa da ban san sunansu ba, ban kuma san wanda zan tambaya ba. Na rufe.

Mun binne ka a wata maƙabarta da ke hamadar Sitta Oktoba, nesa da Mai Wurno, nesa da Omdurman, nesa da ƙasar da kakanninka suka baro. Mu goma sha ɗaya ne a bakin kabarin.

Ya Allah, ga bawanka Hamad ɗan Zubairu, baƙo ya zo gare ka, kai ne mafi alherin masu saukar baƙi. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka sanya jinyar da ya ɓoye ta zama kaffara. Ka saka masa da gaskiyar da ya riƙe a ciniki a lokacin da ƙarya za ta fi masa sauƙi. Ka ba shi gidan da babu mai tashinsa daga ciki. Ka bayyana mana halin da Osama yake ciki. Mu kuma ka yafe mana abin da muka gani muka kau da kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Awadiyya, da 'yarmu Widad, da ƙanwarsa Mahasin da ke gudun hijira a Chadi wadda har yanzu ba a samu hanyar sanar da ita ba, da dukkan dangi a duk inda yaƙi ya watsa su. Allah ya ba ku haƙurin da mu ba mu da kalmar da za ta ba ku. Allah ya jiƙan Hamad. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, amin.

Harun Gidaɗo
Mohandessin, Alƙahira